Abin da Firij ɗin Inna Ke Ci

Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Inna, mahaifiyata, takan ce ko a ciki ban bar ta ta runtsa ba, da na fito kuma sai na ɗora daga inda na tsaya. In abu ya shige mini duhu ba na jin daɗin abinci sai na tono ƙarshensa, ko da kuwa babu ruwana a ciki. To balle wannan da ya shafe ni har wuya. A bazarar da nake ba da labari, fankar ɗakin Inna ba ta daɗewa bayan sallar isha'i take tsayawa cak, ga ta da hawan jini, ga ciwon gwiwa da ya zaunar da ita, ga zafin Makarfi na watan da ruwa ya yi alkawari bai zo ba.

Sola ce a gidan. Yayanmu, ɗan farin Inna da ke aiki a Kaduna, shi ya sa aka kafa ta bayan rasuwar Baba, don wutar gari a unguwarmu sai ta ga dama take leƙowa. Faifan sola a kan rufin kwano, batir a lungun ɗaki, da inbata, na'urar da ke raba wa gida wutar batir, mai ƙaramar fitila koriya. Shekarar farko lafiya lau. Daga baya sai inbatar ta koyi kuka: da duhu ya yi kaɗan za ta fara tsuwa, can sai komai ya mutu, Inna ta kwana tana juyi cikin gumi, ta tashi da ciwon kai. Ita ba za ta taɓa faɗa ba. Ni ina Kudan inda nake aure, ina koyarwa a firamare, sai a bakin ma'aikaciyar asibitin da ke gwada mata jini na ji. Ranar ban koyar da abin kirki ba, na yi ta kai da kawo a gaban allo har yaran suka fara bin ni da ido.

Da yamma Yaya ya kira ni. Dole ni zai kira, domin tsakaninsa da Inna akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "mutumin Kaduna" take ce masa. In ya zo gaishe ta, kanta na gefe, amsarta gajera, ya gama ya tashi. Duk wata magana mai nauyi da ke tsakaninsu ta kaina take bi, in kai in kawo.

"Tsohon firij ɗin nan ne," in ji shi. "Tun zamanin Baba yake, shi ke shanye batir. Ki je ki tabbatar. In shi ne, a fitar da shi, lafiyarta ta fi."

"Yaya, in tabbatar da me? Da hannu zan taɓa in ji?"

"Ke da ba a rasa ki da dabara? Ki nemo."

Na kuwa nemo. Maigidana yana da aboki mai haɗa sola a Ikara, shi ya ce yana da wata 'yar mita da ake cusawa a soket. Ban iya jiran a aiko ba, na hau mota da kaina, na matsu tsakanin kwandunan tumatir har na isa. Abar ba ta fi tafin hannu ba. Bayanta ƙafafu uku ne na shiga soket, gabanta ramuka ne da za a cusa filogin duk kayan da ake son aunawa, sama kuma ɗan gilashi mai nuna lamba. Ya ce lamba ɗaya tana faɗin abin da kayan ke ja a daidai wannan lokacin, in na danna maɓalli kuma ta nuna jimlar abin da ya sha tun da aka jona shi. Ya ƙara da cewa lafiyayyen firij yana aiki ne yana hutawa, in na ga lambar ta hau ta ƙi sauka, to akwai magana.

Kafin hutun makaranta ya zo na auna duk abin da ke da filogi a gidana. Na auna dutsen guga, na ga lamba ta yi tsalle har na ja da baya. Na auna talabijin, na auna cajar waya, na auna hitar dafa ruwa, na koma na sake auna dutsen guga don ban yarda ba. Maigidana ya ce saura shi, in samo masa filogi. Na ce ai shi ba sai an auna ba, kwanon tuwo ya riga ya ba da shaida.

Ranar da aka yi hutu na sauka Makarfi da jakata da mitata. Ko mayafi ban gama cirewa ba na durƙusa bayan gadon Inna ina laluben soket.

"Wannan kuma mece ce?" ta tambaya.

"Mita ce, Inna. Tana faɗin abin da kowane kaya yake ci."

"To fara da kanki. Tun da kika shigo ko ruwa ba ki sha ba."

Fanka na fara aunawa, na ga cinta kaɗan ne, baiwar Allah. Rediyon Inna ko motsa lambar bai yi sosai ba. Sannan na juya kan mai laifin. Firij ɗin yana nan inda Baba ya ajiye shi tun muna yara, a ƙarshen gadon Inna, dogo, mai nauyin ƙofa, farinsa ya koma ruwan madara, an lulluɓe kansa da ƙyalle mai aikin hannu an ɗora fulas. Na jona shi a mitar na zauna a ƙasa ina kallo. Lamba ta hau. Na jira ta sauka, ba ta sauka ba. Na fita tsakar gida na dawo, tana nan. Na je na wanke kwanukan da an riga an wanke na dawo, tana nan. Zuciyata ta ce Yaya ya yi gaskiya, kuma na ji ba daɗi, don na san Inna da firij ɗin nan.

Amma zaman gadin mita ya sa na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, duk da a gidan na girma. Washegari tun hantsi aka fara sallama. Matar liman ce ta fara shigowa, riƙe da tukunyar kunun zaƙi da tsumma, tururi na tashi. Ta sa ƙafa ta janyo ƙofar firij, ta tura tukunyar ciki don hannunta ya huta, sannan ta juyo ta durƙusa. Ba a juya wa babba baya ana shirya kaya kafin a gaishe shi, saboda haka ƙofar ta tsaya a wangale.

"Ina kwana, Inna? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya kwanan yara?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya malam? An ce ya yi mura."

"Ya warware. Ya zafi, Inna?"

"Zafi lokacinsa ne. Ina labarin 'yarki ta Malikanchi, ta sauka?"

"Tukuna dai, muna ta zuba ido."

Daga nan aka gangara kan tsadar taki, aka hau kan wanda ya sayar da rakensa tun yana gona, aka dawo kan wata akuya da ta ɓata. Sanyin firij yana hura bayan matar liman, ita kuwa ko alamar gaggawa babu a tare da ita, kuma ban ga laifinta ba, a wannan zafin ko ni ce sai in ƙara tambayar lafiyar kaji. Ni dai idona na kan mita, bakina na son cewa a rufe, tarbiyya ta hana.

Tana fita wata ta shigo da zoɓo, shi ma da ɗuminsa. Bayanta Goggo, tsohuwar maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta zo duba ƙullin namanta, ba ɗauka za ta yi ba, dubawa kawai, ta zauna har azahar. Wata ta kawo niƙaƙƙen kayan miya, wata ta zo ɗaukar furar da ta ajiye jiya, wata ta kawo ruwa a leda a daskarar mata don ɗanta na zazzaɓi. Ranar kasuwa har Bafulatanar da ke kawo mana nono takan ajiye ƙwaryarta ta zagaya ta dawo. Kowacce da kwanonta da ta ɗaure da alamar tsumma, kowacce in ta zo ɗauka sai ta zuba wa Inna ɗan ɗanɗano a kofi. Inna tana kan gado, ƙafa a miƙe, tana raba shari'a, tana tsokanar amare, tana dariya har da share hawaye. Ta san abin da ake dafawa a kowane gida na layinmu ba tare da ta taka ƙofar zaure ba.

Da yamma na danna maɓalli na ga jimla, na riƙe baki. Faifan sola na aikinsa, amma duk abin da rana ta kawo firij na karɓewa, batir bai taɓa cika ba balle ya yi wa fanka tanadi.

Na ce, "Inna, ko a riƙa kashe shi da magariba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Da naman mutane a ciki? Ajiya fa amana ce. In ya lalace, da wane ido zan dube su?"

Ana cikin haka aka yi bikin wata 'yar unguwa da aka kai Nasarawan Doya. Tun da safe motoci suka kwashe matan layinmu kaf, da guɗa da kwanukan gara, ba wadda ta rage sai Inna da ni. Ranar ba a buɗe firij ba sai da na ɗebo mata ruwa. Ina zaune gaban mita, sai na ji ƙugin nan da na saba ji tun zuwana ya ɗauke. Lamba ta faɗo ƙasa. Na zaci lalacewa ya yi, na tashi na taɓa shi, na leƙa bayansa. Can ya tashi ya ɗan yi aiki ya sake kwanciya. Ashe tsohon lafiyarsa ƙalau, hutu ne bai taɓa samu ba. Kafin la'asar batir ya cika, kuma da na tashi sallar asuba fanka na nan tana juyawa, Inna na barci da numfashi mai daɗi. Murna ta hana ni zama, na share tsakar gida tun gari bai gama wayewa ba. Na dai lura tuwon jiya da na kai mata ko rabi ba ta ci ba, amma na ce ƙila miyar ce ba ta yi mata ba.

Na kira Yaya ina haki kamar wadda ta yi gudu. Na ce firij ba shi da laifi, buɗewa ce da kayan zafi. Nan take ya hau lissafi, irin nasa.

"To ai da sauƙi," ya ce. "A sa masa kwaɗo. A buɗe da safe, a buɗe da yamma, kuma kada a sa abu sai ya huce. Ƙarin batir sai bayan kaka, yanzu ba hali. Ki gaya mata haka na ce."

Na gaya mata. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi bango ta ce, "Mutumin Kaduna ya kyauta." Ta ɗauki carbinta.

Aka kira mai walda ya manna wa ƙofar ƙarfe, na sa kwaɗo, na ɗaura makullin a bakin zanena. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya da lallami, na yi musu bayanin jinin Inna da barcinta. Babu wadda ta ɓata rai. Kowacce cewa take, "Wallahi gaskiya ne, ai lafiyar Inna ce gaba. Mu ne ba mu yi tunani ba." Matar liman har haƙuri ta ba ni, abin da ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsarin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Da safe su zo gaba ɗaya, in buɗe, in jera, in rufe. Gaisuwa a taƙaice, don kowa na ganin ta bayanta na jira. Da yamma ma haka. Mita ta yi sanyi, firij na hutawa, fanka na kwana tana aiki. Da ma'aikaciyar asibiti ta zo ta gwada jinin Inna ta ce ya sauka, ta yaba mini. Na aika wa Yaya hoton lambar mita, ya aiko da alamar hannu mai jinjina.

Sai dai ni da ya kamata in samu natsuwa, sai abin ya ƙaru. Matan suka fara raguwa. Wadda ta ga lokacin buɗewa ya wuce sai ta haƙura, wadda kununta bai huce ba sai ta bar shi a gida, wasu kuma kunya ce ta kama su, kada a ce su ne suka sa tsohuwa ciwo. Na tare Goggo a bakin katanga na ce ai ba a hana kowa zuwa hira ba, firij kawai aka rufe.

Ta yi 'yar dariya. "Ke 'yar nan, kin yi boko kin manta gari. Ni tsohuwa ce, ko ina na ga dama sai in je. Amma matar aure ta ce wa mijinta kullum za ta je gidan wance zaman hira? Ai sai a ce ta zama mai yawon gulma. In ta ce za ta kai ajiya wurin Inna kuwa, wa zai ce mata don me?"

Na dawo ɗaki na tsaya a bakin ƙofa. Fanka na juyawa, labule na kaɗawa, ɗakin da sanyinsa gwanin daɗi. Inna na kwance ta fuskanci bango, carbi a hannu, rediyo na magana shi kaɗai. Abincin rana na nan a rufe yadda na ajiye. Iska ta taɓa ƙyauren zaure, sai ta ɗago da sauri.

"Wa ke sallama?"

"Ba kowa, Inna. Iska ce."

Ta mayar da kai. Wannan tambayar ta yi mini ita a ranar har na daina ƙirgawa. Na shiga, na fita, na danna mita, na ga lamba mai kyau, na ji haushin lambar. Na ɗauki waya zan kira Yaya na ajiye, don me zan ce masa? Jini ya sauka, barci ya samu, abin da aka aiko ni yi na yi. Tsoro nake ji in na cire kwaɗon ciwon kan ya dawo, wata rana a kira ni a Kudan a ce ta faɗi. Tsoro kuma nake ji in na bar shi, wannan kwanciyar ta fuskantar bango ta zame mata jiki. Na rasa wanne tsoron ya fi, sai na huce a kan tukwane, na goge su har suna ɗaukar ido.

A makon ne surukar matar liman ta haihu. Ranar kasuwa na fita sayen kayan barka, na daɗe ina zagaye, don ko a kasuwa ba na iya sayen abu a rumfar farko. Na sayo turmin atamfa da sabulu da mazarƙwaila, na dawo bayan azahar. Ina ɗaga labule zafi ya mare ni. Na dubi inda fanka take, babu fanka, sai zagayen da gindinta ya bari a kan leda. Inna na zaune a tsakiyar gado, ta yi wanka ta sa kwalli, tana fifita da mafici.

"Inna, ina fanka?"

"Na yi barka da ita."

"Kin yi me?"

"Barka. Yarinya na wankan jego da tafasasshen ruwa a wannan zafin, ga jariri. Na sa an kai mata."

"Fankar da Yaya ya saya miki?"

"Ba ni ya ba wa ba? Abin da aka ba ni ai nawa ne."

Ban san lokacin da na fice ba. Na shiga gidan liman da saurina, da niyyar in san yadda zan yi in karɓo ta cikin dabara. Na tarar da ɗakin mai jego cike da mata, ga fankar a tsaye kusa da gado a cikin kayan barka, an rataya mata rigunan jariri. Ko juyawa ba ta yi, domin gidan ba su da sola, wutar gari kuwa rabonta da unguwar an kwana biyu. Ina shiga aka hau ni da godiya. Matar liman ta kama hannuna tana sa wa Inna albarka, tana sa wa Yaya albarka, tana cewa ba a taɓa yi wa wata barka irin wannan ba a layin nan. Mai jego ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wa zai buɗe baki a nan ya ce a ba shi kyautar da uwarsa ta yi? Na ajiye atamfata, na ɗauki jariri na yaba hancinsa, na fito da zufa har cikin ido.

Da na koma, Inna ba ta tambaye ni inda na je ba. Hannu kawai ta miƙo, tafin a buɗe.

"Yanzu kuma wa ake yi wa tanadin wutar?" ta ce.

Na tsaya ina kallon hannun. Raina a ɓace yake, kuma dariya na neman ƙwace mini, kuma ina son in yi kuka, duk a lokaci ɗaya. Na kwance makullin daga bakin zanena na sa mata. Ta tura shi ƙarƙashin matashi.

A gabanta na kira Yaya, na buɗe sautin wayar yadda ita ma za ta ji, don kada a ce na ƙara gishiri. Na zayyana masa komai.

"Shi ke nan," ya ce a ƙarshe. "Zan aiko da wata fankar."

Inna ta dubi bango, kamar da shi take magana. "Ki gaya wa mutumin Kaduna akwai masu ciki da yawa a unguwar nan."

Na ji Yaya ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko tsaki ba. Ya ce, "Ki tambaye ta, so take zafi ya kashe ta?"

Ban maimaita ba, ta riga ta ji. Ta ajiye mafici a cinya. Muryarta ta sauka, kuma a karon farko a rayuwata na ga ta juyo ta dubi wayar kai tsaye, kamar fuskarsa ce a wurin.

"Zafi tare muka girma da shi, na san halinsa," ta ce. "Shirun nan ne ban iya ba."

Can Yaya ya ce in gaishe ta, ya kashe.

Labari ba ya kwana a layinmu. Washegari tun hantsi matar liman ta yi sallama da tukunyarta, tururi na tashi, ta sa ƙafa ta janyo ƙofar da babu kwaɗo, ta juyo ta durƙusa. Firij ya ɗauki ƙugi, lamba ta hau. Kafin azahar ɗakin ya cika, Goggo na duba namanta, ana musu a kan sunan da za a raɗa wa jariri, Inna na share gumi da gefen mayafi tana cin ɗumamen da ta ƙi jiya, har tana neman ƙari. Na lallaɓa bayan gado na zare mitar, na mayar da filogin firij cikin soket ɗinsa. Babu wadda ta lura, sai Inna da ta kalle ni ta wutsiyar ido.

Abin da na iya yi kafin hutu ya ƙare shi ne na sa aka fitar mata da ƙaramin gado tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, aka ɗaura gidan sauro, ta koma kwanan waje yadda ake yi kafin a san fanka. Na roƙi ma'aikaciyar asibiti ta riƙa leƙo ta, na mayar wa mai sola mitarsa a Ikara. Ya tambaye ni ko na gano mai shan wutar, na ce na gano, ya ce an fitar da shi? Na ce a'a. Bayan kaka Yaya ya cika alkawari ya ƙaro batir, sai dai labari ya bazu cewa wutar Inna ta ƙaru, ajiya ta fara zuwa har daga layin baya, ƙarin ya tafi inda na farko ya tafi.

Har yau in bazara ta kama ba ni da sukuni. Ina zaune ƙarƙashin fankata a Kudan sai in ji iskar ta dame ni, in tashi in kashe, in sake kunnawa. Ban daina tsoron kiran da za a yi mini wata rana ba, kuma ban yarda cewa ni da Yaya mun yi kuskure gaba ɗaya ba, jinin nan da gaske yake hawa. Kullum in an tashi daga makaranta sai na kira ta, tun kafin in cire takalmi. Jiya ma na kira. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, har na miƙe tsaye na fara neman mayafi. Da ta ɗauka hayaniya ce ta fara isowa kunnena, ƙarar kwanuka da dariyar mata.

"Inna, ya jikin? Kin sha maganin?"

"Ke, ina da baƙi. Ki kira anjima."

Ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba, don har yanzu ba ta iya kashewa ba. Na ji wata ta yi sallama, na ji ƙarar ƙofar nan mai nauyi ta buɗe, na ji tsohon ya ɗauki ƙugi. Na ƙanƙame wayar a kunne, ina tsaye a tsakiyar ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya, bakina cike da "a rufe firij".

"Ya zafi, Inna?" in ji matar.

"Zafi lokacinsa ne," in ji Inna. "Zauna mana, ina za ki da sauri haka?"